Ficewar Nijar daga CEDEAO: abin da aka ji da abin da aka gani a Tasawa da Mayahi

Ranar Lahadi 28 ga watan Janairu na shekarar 2024, kakakin majalisar soja ta CNSP, Kanal-Manjo Amadu Abdramane, ya karanta wata gajeriyar sanarwa a gidan telbijin na ƙasa. A wannan rana kuma aka karanta irinta a Bamako da Wagadugu. Abin da ta ƙunsa shi ne ƙasashen Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar CEDEAO ba tare da jinkiri ba, bayan shekara 49 da kafa ta a birnin Legas. Dalilan da aka bayar su ne ƙungiyar ta kauce wa manufar waɗanda suka kafa ta, tana aiki da umurnin waɗansu ƙasashen waje, ba ta taimaka wajen yaƙi da ta'addanci ba, sannan ta ɗora wa al'umma takunkumin da ya saɓa wa dokokinta. Karanta sanarwar bai ɗauki fiye da ƴan mintoci ba. Maganar da ta biyo bayanta kuwa ta ɗauki shekara guda cur, kuma mafi yawanta hasashe ne a kan abin da bai riga ya faru ba.

Kafin a fahimci yadda mutanen gundumomin Tasawa da Mayahi suka karɓi wannan labari, wajibi ne a koma wata shida baya. Sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. Kwana huɗu bayan haka shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja a ƙarƙashin jagorancin Bola Tinubu, suka rufe iyakoki, suka tsai da hulɗar kasuwanci da ta kuɗi, suka ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfin soja. Nijeriya ta yanke wutar lantarki, ciki har da layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, wanda daga nan ake rarraba wuta zuwa Maraɗi da Damagaram. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umurnin shirya rundunar ko-ta-kwana. Ga mazaunin Yamai, wannan zancen siyasa ne mai zafi. Ga mazaunin Korgom ko Hawan Dawaki, wanda gonarsa ke kallon ƙasar Daura, wanda ƙanwarsa ke aure a ƙetaren iyaka, zancen ya fi haka nauyi, domin in yaƙi ya tashi, a tunaninsa, ta ƙofar gidansa za a bi.

Yaƙin bai zo ba. Majalisar Dattawan Nijeriya ta ƙi amincewa da shi tun ranar 5 ga Agusta, Muhammadu Sanusi na biyu ya je Yamai ya gana da Janar Abdurahaman Tiani, tawagar malamai ta bi bayansa, daga bisani Janar Abdussalami Abubakar da Sarkin Musulmi suka samu ganawa. Amma a cikin waɗannan makonni an kwana an tashi da labarin ranar da za a kawo hari. Kowace safiya da sabuwar rana, kowace rana da sabon masani mai bayanin ta inda rundunar za ta shigo. A wannan lokaci ne kunnuwan jama'a suka saba da wani irin labari wanda ba shi da mai shi, kuma da wannan kunne aka saurari sanarwar watan Janairu.

Inda «wai» ke faɗuwa

Labari yana shiga garuruwan nan ta ƙofa uku. Akwai sassan Hausa na gidajen rediyon waje, waɗanda dattawa suka girma da su: na BBC tun 1957, na Jamus, na Amurka, da na RFI da ya zo a 2007. Akwai Muryar Sahel da gidajen rediyo masu zaman kansu da na ƙauyuka. Sai ƙofa ta uku wadda ta fi kowace faɗi a yanzu, wato saƙon murya na WhatsApp, wanda ba ya neman mai saurare ya iya karatu, ba ya kuma faɗin wanda ya fara ɗaukar sa.

Akwai wata matsala ta harshe da ba a cika lura da ita ba. Yawancin labaran da suka shafi CEDEAO da Faransanci ake fara rubuta su, kuma ɗan jaridar Faransanci yana da wata siga ta aikatau da yake fakewa a bayanta idan bai tabbatar da magana ba. Da ƴan haruffa a ƙarshen kalma yakan nuna cewa abin nan ji ya yi, ko kuwa yana iya faruwa. Hausa ma tana da nata: «wai», «an ce», «mai yiwuwa», «ana kyautata zato». Mai fassara na gari yakan sa su a wurinsu. To amma labari ba ya tsayawa a bakin mai fassara. Wanda ya ji a rediyo da asuba zai faɗa a wurin mai shayi, wani ya ɗauka ya kai tasha, direba ya kai shi kasuwar Kanambakashe. A baki na farko ana cewa wai mai yiwuwa a nemi biza. A baki na uku an ce za a nemi biza. Kafin la'asar an sami wanda ya rantse cewa an riga an mayar da mota guda daga iyaka. Kalmar «wai» ita ce mafi sauƙin kaya, ita ce kuma ta farko da ke faɗuwa a hanya.

Son rai na gidajen labarai ba lalle ne ya zo da ƙarya ba. Sau da yawa kowace jimla gaskiya ce, amma zaɓen jimlolin ne ya karkata. Gidajen waje sun fi kiran masana daga Paris da Dakar da Abuja, su tambaye su irin asarar da ƙasashen uku za su yi, ƙasashen da babu wadda ke da gaɓar teku. Tambayar tana da ma'ana, sai dai da wuya a ji an tsaya an bayyana dalilin da ya sa mutumin da bai taɓa son mulkin soja ba ya ji haushin ƙungiyar da ta hana magani da abinci wucewa, ta bar asibiti cikin duhu. Wannan haushi na gaske ne, ba wanda ya ƙirƙiro shi. Kafofin gwamnati da masu goyon bayanta kuma sun cika kunne da zancen diyauci da taken «zancen ƙasa ne», suka nuna gangami bayan gangami, amma ba su ba da fili mai yawa ga ɗan kasuwar da ke son ya san harajin da za a ɗora wa buhun wakensa ba, balle ga wanda ke ganin ficewar kuskure ce. Har sunan da ake kiran masu mulki ya zama alamar ɓangare: wannan ya ce sojojin da suka yi juyin mulki, wancan ya ce hukumomin ƙasa. Mai saurare da ya ji kalmar farko ya san inda sauran labarin ya dosa.

Abin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai shi ne magana da sunan jama'a. Ɗaya ya ce jama'a sun yi na'am, ɗaya ya ce jama'a na cikin fargaba. Ranar 6 ga Agusta 2023 filin wasa na Seyni Kunce ya cika maƙil da masu goyon bayan CNSP, an ƙiyasta su da kimanin dubu talatin, kuma an sake yin babban gangami a Yamai ranar 28 ga Janairu 2025. Babu mai musun wannan taro. Amma ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Mayahi tana da mutum fiye da rabin miliyan, Tasawa ma haka, kuma an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Ba a yi ƙuri'ar raba-gardama a kan ficewar ba, a Nijar ko a Mali ko a Burkina. Saboda haka duk wanda ya ce ga ra'ayin manomin Gidan Amumun ko na matar da ke saƙar kaba a bakin Gulbin Kaba, zato yake yi, ko da zatonsa ya zo daidai.

Tasawa ta taɓa ganin irin wannan gardama. Ranar 28 ga Satumba 1958 Janar de Gaulle ya sa ƙasashen da Faransa ke mulka su zaɓa: ko su zauna cikin tarayya da ita, ko su fita su kama gabansu ba tare da taimako ba. Djibo Bakary, wanda shi ne shugaban gwamnatin Nijar a lokacin, da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a fita. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, aka ja sarakuna gefe, aka tsorata mutane da halin da za su shiga in Bature ya kwashe kayansa. Sakamakon da aka bayyana ya ce kashi 78 cikin ɗari sun zaɓi zama, aka rubuta a jaridun Paris cewa Nijar ta amince. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba. A zaɓen majalisa na watan Disamba na wannan shekara Sawaba ta ci kujerun Tasawa, aka soke sakamakon. Wato ko inda aka ƙirga ra'ayi, mai riƙe da alƙalami yana iya karanta lissafin yadda ya so. Mutanen Birtaniya ma da suka jefa ƙuri'a ranar 23 ga Yuni 2016 kan fita daga Tarayyar Turai, kashi 52 suka ce a fita, 48 suka ce a zauna, bayan an yi ta yawo da motar da aka rubuta wa alkawarin fam miliyan 350 kowane mako ga asibitoci, lissafin da hukumar ƙididdigarsu ta ce yaudara ce. Duk da haka su suna da lamba da za su yi gardama a kanta. A nan ko lambar babu.

Ranar da aka jira

Sanarwar ta ce ba tare da jinkiri ba. Yarjejeniyar CEDEAO da aka sabunta a 1993 kuwa, a aya ta 91, ta ce ƙasar da ke son fita za ta ba da sanarwar shekara guda. Wannan saɓani kaɗai ya ishi masu sharhi abin tauna na wata goma sha biyu. Aka yi ta cewa barazana ce kawai, za su dawo da zarar an ɗage takunkumi. An ɗage shi ranar 24 ga Fabrairu 2024, ba su dawo ba.  Maimakon haka, ranar 6 ga Yuli 2024 shugabannin uku suka sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar tarayyar AES. Bayan haka aka ce shugabannin Senegal da Togo da aka ɗora wa shiga tsakani za su shawo kansu. A watan Disamba CEDEAO ta ƙara wa'adin wata shida ko za a sake shawara, aka ƙi karɓa.

Ranar Laraba 29 ga Janairu 2025 ficewar ta tabbata. A wannan rana hukumar CEDEAO ta fitar da sanarwa tana neman ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta daga mutanen ƙasashen uku, su bar su su shiga su zauna ba tare da biza ba, su kuma bar kayansu su wuce bisa tsarin da aka saba, har sai an sake ba da wata sanarwa. Tun a watan Disamba AES ta riga ta ce ƴan ƙasashen CEDEAO za su shigo mata ba biza. Ɗan ci-rani da ya taso daga Maijirgi a wannan mako ya isa Kano kamar yadda ya saba isa, ya biya abin da ya saba biya a shingayen hanya. Korar da aka yi ta tsoro ba ta faru ba. Arziƙin da wasu suka zaci zai sauko washegari shi ma bai sauko ba. Gidajen da suka shekara suna hasashe, daga kowane ɓangare, kaɗan ne suka dawo suka ce wa mai saurare ga abin da muka faɗa bara, ga kuma yadda ta kasance.

Zancen kuɗi ya fi kowane ruɗani. Mutane da yawa sun ɗauka fita daga CEDEAO fita ce daga kuɗin sefa, alhali ƙungiyoyi biyu ne dabam. Sefa na ƙungiyar UEMOA ne, mai ƙasashe takwas, wadda babban bankinta ke Dakar, kuma Nijar ba ta fita daga cikinta ba. Nijeriya da Gana suna cikin CEDEAO amma kowace da kuɗinta. A watan Fabrairu 2024 Janar Tiani ya ce kuɗi alama ce ta diyauci, ƙasashen uku kuma suna da masana da ke duba lamarin. Bai faɗi rana ba, bai faɗi suna ba. Duk da haka hotunan takardun kuɗi da ba wani banki da ya buga suka yi ta yawo a wayoyi. Shekarar 2025 ta shiga ta fita ana saye da sayarwa da jikka da dala kamar kullum. Ɓarnar irin wannan jita-jita ba ƙarama ba ce, domin mai ɗan ajiya a ƙarƙashin katifa yana iya gaggauta sayen abin da bai shirya saye ba don tsoron kada takardunsa su mutu a hannunsa.

Iyakar kudu

Wannan bambanci tsakanin ƙungiyoyin biyu yana nuna wani abu da ya kamata a ce shi ne kan labari a jihar Maraɗi. Tun da Nijar na cikin UEMOA, hulɗarta da Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal tana da wata doka da ta dogara a kai. Babbar maƙwabciyar da ba ta cikin wannan rumfa ita ce Nijeriya, kuma can ne fuskar Tasawa da Mayahi take kallo. Can ake kai wake da aya da riɗi da dabbobi, ta Ɗan Isa da Jibiya ko ta Mai'aduwa, har kasuwar Dawanau ta Kano. Daga can masara da kayan masarufi ke zuwa. Can samari ke tafiya bayan an ɗaure hatsi.

Dattawan yankin sun san abin da masu sharhin nesa ba su cika tunawa ba, cewa zama cikin CEDEAO bai taɓa hana a rufe wannan iyaka ba. An sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga ba biza a 1979, amma a watan Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, ƴan Nijar da yawa na ciki. A 1984 Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakoki a shekarar da damina ta ƙi, har mutanen ƙasar nan suka laƙaba wa yunwar sunansa, kuma ba a buɗe ba sai 1986. A watan Agusta 2019 ya sake rufe su har zuwa Disamba 2020, a daidai lokacin da Mahamadu Isufu, shugaban Nijar, ke riƙe da shugabancin CEDEAO. Sannan bayan rufewar 2023, an sake buɗe iyakar a watan Maris 2024, wato bayan an riga an ba da sanarwar ficewa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa: mutumin Bawdeta ya daɗe da gane cewa buɗewa da rufewar iyaka daga Abuja da Yamai suke fitowa.

Abubuwan da suka taɓa aljihunsa a waɗannan shekaru ma yawancinsu ba su da alaƙa da takardar ficewa. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya janye tallafin man fetur, farashi ya tashi kusan ninki uku, sana'ar ƴan ruwa-ruwa da ke sayar da man Nijeriya a kwalabe ta shiga wani hali. A watan Yuni aka saki naira: dalar Amurka da ake canzawa kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a watan Fabrairu 2024. Mai rago da aka biya shi da naira ya dawo gida ya canza ya ga kuɗin sun ƙanƙance, abin da ɗan ci-rani ke aikowa ya daina cika buhu. A watan Oktoba 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina, a watan Mayu 2025 kuma ta hana fitar da dabbobi gabanin babbar salla. Mai saye a birni ya ji daɗin waɗannan matakai, mai sayarwa a karkara ya ji su a jikinsa. Duk da haka an sha jin mai sharhi yana ɗora tsada ko araha a kan ficewa daga CEDEAO, kowa gwargwadon abin da yake son ya tabbatar.

A daidai lokacin da ake buƙatar bayani, ƙofofin labari raguwa suka yi. An dakatar da RFI da France 24 ranar 3 ga Agusta 2023. A watan Yuni 2024 aka gyara dokar laifukan intanet, aka maido da hukuncin ɗauri ga mai yaɗa abin da aka ga zai iya ta da hankalin jama'a. Ranar 12 ga Disamba 2024 aka dakatar da BBC na wata uku saboda rahotonta kan wani hari a yankin Tera, wanda hukumomi suka ƙaryata. A watan Maris 2025 Muryar Amurka ta yi shiru, wannan karo bisa umurnin gwamnatin Amurka kanta. Hukuma tana da hujjarta: ƙasar da ke cikin yaƙi ba ta son a karya zuciyar sojanta da lissafin da ba a tabbatar ba. Amma akwai abin dubawa. Gidan rediyo, ko da mai son rai ne, yana da suna da adireshi, ana iya ƙaryata shi, ana iya tilasta masa gyara. Idan ya yi shiru, mai saurare ba ya daina neman labari, sai ya koma ga saƙon murya wanda ba a san uwarsa ba balle ubansa. Ɗan jaridar gida kuma da ke tsoron kurkuku zai guji tambayar da ma'aikacin duwan kansa zai so a yi, don a ba shi amsar da zai faɗa wa mutane.

Tambayoyin suna nan, domin sanarwar 29 ga Janairu ta wucin gadi ce. A watan Afrilu 2025 ministan harkokin wajen Nijeriya ya je Yamai aka yi zancen farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda aka kafa tun 1971, kafin a haifi CEDEAO. A watan Mayu shugaban hukumar CEDEAO ya zauna da ministocin AES a Bamako don fara tattauna yadda za a yi zama nan gaba. Muritaniya da ta fice a shekarar 2000 sai a 2017 ta sa hannu kan yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar, shekara goma sha bakwai ke nan. A cikin abubuwan da za a daidaita akwai harajin kaya, da izinin zama na ƴan ci-rani, da layin dogo da aka fara ginawa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi. Akwai kuma takardar kiwo ta ƙasa da ƙasa da CEDEAO ta ƙirƙiro a 1998, wadda ke ba makiyayi izinin ƙetara iyaka da garkensa. Makiyayin arewacin Mayahi yana buƙatar sanin matsayin wannan takarda kafin rani ya tsananta, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, shanu kuma su fuskanci kudu.